Ga ƙanena da ya samu gurbin karatu a Liverpool

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, barka da arziki, Allah ya sa albarka a karatun. Ka ce iyakar abin da ka sani game da Liverpool ƙwallo ne, sai kuma ka ji an ce gari ne mai babbar tashar jiragen ruwa, shi ne kake tambaya ko ɗalibi zai iya samun aikin lodi a can ya riƙa haɗa kuɗin haya. Zan ba ka amsa, amma ka yi haƙuri in ɗauko maganar daga tushe.

Garin yana bakin kogin Mersey, dab da inda ya faɗa teku. Tun 1207 Sarki John na Ingila ya ba shi takardar zama gari, amma ya shafe ɗaruruwan shekaru bai taka kara ya karya ba. Ruwan ne matsalar. Sau biyu a kwana teku ke cikowa ta janye, wani lokaci tsakanin cika da janyewa har kusan mita 10, jirgin da ya tsaya da safe kafin azahar ya zauna cikin taɓo. A 1715 wani injiniya, Thomas Steers, ya kammala musu wani ƙaton tafki mai bangon bulo da ƙofa. In ruwa ya cika jirage su shiga, a rufe ƙofar, su yi ta sauke kaya suna kan ruwa ko da kogin ya janye. Daga wannan dabara garin ya tashi. Bangon yana nan har yau a ƙarƙashin kasuwar zamani ta Liverpool ONE, akwai ma gilashin da aka sa a ƙasa don mutum ya leƙa.

Abin da jiragen suka ɗauka, shi ne ba na iya faɗa ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. Daga 1699 zuwa 1807, shekarar da Birtaniya ta hana cinikin bayi, jiragen Liverpool sun yi tafiya kusan 5,000, sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan 1.5 zuwa gonakin rake da taba a ƙetaren teku. A ƙarshen ƙarni na 18 mafi yawan jiragen bayi na Birtaniya daga nan suke tashi. Wasu titunan da za ka bi zuwa aji suna ɗauke da sunayen attajiran wannan ciniki. Garin bai ɓoye ba, a 2007 ya buɗe gidan tarihin bauta a bakin ruwan, kuma na yaba musu da haka.

Da aka hana bayi, attajiran ba su bar gaɓar Afirka ta Yamma ba, kaya kawai suka sauya. Manja ya shigo, ana sabulu da shi ana shafa wa injina. Auduga daga Amurka kuwa ta nan take bi zuwa masaƙun Manchester, shi ya sa aka shimfiɗa layin dogo tsakanin garuruwan biyu a 1830. Mu ma a nan muka shigo labarin. Kamfanin John Holt da dattawanmu suka sani ɗan Liverpool ne, haka Elder Dempster mai jiragen da ke zirga-zirga zuwa Ikko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gyaɗa da fatu da ƙiraga suka riƙa gangarawa Ikko, wani kaso ya sauka a wannan tasha. Ranar da na fara tsayawa a bakin Mersey, dalar gyaɗa ce ta faɗo mini a rai, da manoman da suka cika buhunan nan ba su taɓa ganin teku ba. Ko makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1898, ta farko irinta a duniya, da kuɗin Alfred Jones na Elder Dempster aka fara ta, saboda zazzaɓin cizon sauro yana kashe Turawan da ake turawa ƙasashenmu.

To, ga amsarka. Tashar da ke ɗaukar dubban 'yan dako kullum safiya ta wuce. Kwantena ce ta kashe ta. Gurbin jiragen Albert Dock da aka buɗe a 1846, mai rumbunan bulo da ƙarfe ba katako saboda tsoron gobara, an rufe shi a 1972, a shekarar da aka buɗe tashar kwantena a Seaforth can arewa. Aiki ya ƙare, mutane suka watse: garin da ya haura mutum 850,000 a 1931 ya dawo kusan 440,000 a 2001. Tsoffin rumbunan yanzu gidajen tarihi ne da wuraren cin abinci, wani gurbin jiragen ma filin wasan Everton aka gina a kansa. Kaya na shigowa har gobe, amma manyan injinan ɗaga kaya ke yi, da ma'aikata kaɗan masu horo da katin shiga. Ba wurin da baƙo zai je bakin ƙofa ya ce a ba shi dako ba ne.

Kuma bizar ɗalibi mai karatun digiri awa 20 kawai ta yarje maka a mako lokacin da ake karatu, ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba. Aikin da yaranmu ke samu na kanti ne, ko rumbun kaya, ko gidan kula da tsofaffi. Yana taimakawa wajen cefane, amma kada ka ɗora kuɗin makaranta a kansa. Ka gaya wa Baba wannan ƙarara kafin a sayar da wani abu.

Abu guda da tashar ta bar maka wanda za ka mora shi ne mutane. Ma'aikatan jirgi daga Yaman da Somaliya da Saliyo da Najeriya sun zauna a unguwar Toxteth tun da daɗewa, jikokinsu na nan, ga masallacin Al-Rahma da shagunan naman halal. Ba da sauƙi suka zauna ba, a 1919 an far wa baƙaƙen fata a garin, har aka kori wani matashi ma'aikacin jirgi, Charles Wotten, ya mutu a ruwan tashar. Akwai kuma masallacin da Abdullah Quilliam, lauya ɗan garin da ya musulunta, ya buɗe a 1889 a Brougham Terrace, aka sake buɗe shi a 2014. Can nake so in kai ka Juma'arka ta farko.

Rigar sanyi kada ka saya a gida, ba za ta tare iskar kogin nan ba, mu saya a nan. Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgin, zan zo Manchester in ɗauke ka. Ka gaishe da Baba da Inna.