Tambaya da Amsa: Cinikin katin 'yan ƙwallo a hannun dillalan intanet

Assalamu alaikum jama'a. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo maganar cewa akwai masu cin abinci da saye da sayar da katin 'yan wasa, wato ɗan kwalin nan mai ɗauke da hoton ɗan ƙwallo da sunansa da kulob ɗinsa, toh tun daga ranar saƙonni ke shigowa, galibi daga matasanmu na nan Jos. Na zaɓo guda huɗu.

Tambaya daga Auwal, Unguwar Rogo: Yaya barka da aiki, ni cajin waya nake yi a bakin Bauchi Road kuma na ɗan tara kamar dubu ɗari uku, abokina da ke karatu a Ingila yake ce min yana sayen katin 'yan Firimiya yana bari a wani kamfani su sayar mai, wai ko katin bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Dan Allah ya abun yake, kuma daga nan Jos zan iya?

Amsa: Ƙanena Auwal, abun da abokinka yake yi dillanci ne tsantsa, irin wanda muka tashi muka tarar. Ka je kara a Bukuru ka gani, mai shanu ya taso daga nesa bai san kowa ba, sai ya damƙa wa dillali dabbarsa, dillali ya ɗaure ta ya nemo mai saye, in ciniki ya faɗa ya cire la'adarsa ya miƙa wa mai kaya sauran. Haka waɗannan kamfanonin suke. Akwai COMC da ke jihar Washinton a Amurka, su aikinsu kenan, ka aika musu katunanka su ɗauki hoton gaba da baya su ɗora a shafinsu, kai ne za ka sa farashi, su kuma su ajiye a sitonsu har mai saye ya zo. Akwai Fanatics Collect, wanda da can PWCC ne kafin Fanatics ta saye shi a 2023, akwai kuma Goldin da eBay, babbar kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ta saya a 2024, su sun fi ƙarfi wajen gwanjon katuna masu tsada.

Abun da ya sa abokinka bai taɓa riƙe katin ba shi ne, a irin COMC in ka sayi kati ba dole sai an aiko maka ba, yana nan zaune a siton amma ya koma sunanka, nan take kana iya ƙara farashi ka sake sa shi a kasuwa. Kuma ga wanda ke zaune a Jos wannan ita ce hanyar da ta fi, domin in kace sai an kawo maka kati har Unguwar Rogo ka riƙe ka gani sannan ka sake mayarwa, kuɗin aike zuwa da dawowa da na kwastan da jiran makonni kaɗai sun cinye ribar, balle katin ya sha wahalar hanya ya lanƙwashe.

Amma zauna mu yi lissafi tukuna, nan ne yara da yawa suke faɗuwa. Misali ka sayi kati dala 20 ka sayar dala 25, a ido ka ci dala 5. Toh a eBay kamashon da suke cirewa a kan kati ya kai wajen kashi 13 cikin 100 na kuɗin ciniki, kaga dala 3 da ɗoriya sun tafi, saura ƙasa da dala 2, ba a zo maganar kuɗin fitar da kuɗinka daga kamfanin ba, ba a zo cajin banki ba, ba a zo abun da ɗan canji zai rage maka ba. Kowane kamfani da nasa tsarin, wani yana cajin karɓar kati da ɗaukar hotonsa, wani yana cajin ajiya in kati ya daɗe bai fita ba, a gidajen gwanjo kuma mai saye ne ake ɗora wa ƙarin wajen kashi 20 cikin 100 a kan farashin da ya taya. Ka buɗe shafin da suka jera cajinsu ka karanta layi-layi da biro a hannu kafin ka sa ko kwabo.

Sai babbar matsalarmu mu 'yan Najeriya, shigar da kuɗi yana da sauƙi, fitarwa ne aiki. A baya PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ya daɗe yana takura wa akawun ɗin 'yan Najeriya wajen karɓar kuɗi, eBay kuma ta wani kamfanin tura kuɗi mai suna Payoneer take biyan masu sayarwa na ƙasashe da yawa, sannan kana buƙatar akawun ɗin dala a bankinka. Saboda haka fara da abun da bai wuce dala 20 ko 30 ba, ka saya ka sayar ka ga kuɗin ya zagayo ya faɗo hannunka a Jos, sannan ka san hanya ta ɓulle. Kar ka yarda wani yace ka yi amfani da akawun ɗinsa ko da sunan wani na waje, ranar da aka rufe akawun ɗin ba ka da bakin magana.

Ka kuma lura da dala. Kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, a 2024 ya haura 1,500, wasu da suka sayi kati kafin lokacin sai suka ɗauka katin ne ya kawo musu riba alhali dala ce ta tashi, katin ma ƙila faɗuwa ya yi. Ka riƙa lissafin ribarka da dala.

Game da dubu ɗari ukunka, ni ban yarda ka taɓa jarin shagon cajinka ba wallahi, shi ke ciyar da kai kullum, kati kuwa yana iya wata shida a sito ba wanda ya taya. Ware abun da in ya kwanta ba zai hana ka barci ba, ka tsaya kan 'yan wasan lig ɗin da kake kallo duk mako ka san wanda ke tashe da wanda ya ji rauni, kuma kar ka taɓa duba farashin da mutane suka sa, duba wanda aka riga aka sayar. A eBay akwai wajen da za ka tace ya nuna maka cinikin da ya faɗa kaɗai, akwai kuma shafin 130point da ke nuna hakan. Kowa na iya rubuta dala dubu a kan katinsa ai.

Tambaya daga Maman Ilham, Gangare: Malam ina wuni, ina gyaran ɗakin yarona na tsinci wani littafi cike da hotunan 'yan ƙwallon Kofin Duniya na 2018 da ya manna, har da Ahmed Musa da Mikel, kuma na ji ance an sayar da irinsa biliyoyin naira, ko in ajiye?

Amsa: Hajiya ki ajiye, amma ba don kuɗi ba, gara in gaya miki gaskiya. Wannan littafin sitika ne na kamfanin Panini na garin Modena a Italiya, tun gasar 1970 a Meziko suke fitar da shi duk Kofin Duniya, kuma suna bugawa da yawan gaske, sannan da zarar an ɓare sitika an manna ta darajarta a kasuwa ta sauka. Labarin da kika ji gaskiya ne amma na wasu irin katuna ne daban. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na Amurka, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6, a shekarar ne kuma katin Pele na 1958 ya kai dala miliyan 1.33. Tsufa da ƙarancinsu da kuma yadda suka shekara sittin ko saba'in ba su yi ko ƙwarzane ba, shi ya kai su can.

Na yaronki darajarsa daban take, Musa da Mikel duk haifaffun garin nan ne, kuma a gasar ce Musa ya zura wa Aislan ƙwallo biyu garin Jos ya ɗauka da ihu. Ki sa shi a leda ki rufe, ki ɗaga shi daga ƙasa saboda danshin daminar Jos yana sa takarda ta kumbura ta yi fumfuna, kar kuma ki bar shi inda rana ke dukansa.

Tambaya daga Sani, Bukuru: Oga wani a Instagram yana son sayar min da katin Osimhen mai sa hannu, yace dubu arba'in kawai don yana buƙatar kuɗi da gaggawa, ya turo hoto, ya zan gane na gaske ne?

Amsa: Sani wannan cinikin biri a sama ne, hoto ba ya nuna maka komai. Kati mai sa hannu na gaske da ya fito daga Topps ko Panini akwai rubutun shaidar kamfanin a bayansa, da yawa kuma suna da lamba kamar 12/99, ma'ana guda 99 kacal aka buga wannan ne na 12. Amma masu jabu ma sun iya buga wannan, shi yasa ake kai kati wajen kamfanonin tantancewa irin su PSA da Beckett da SGC, su duba kusurwoyi huɗu da gefe-gefe da fuskar katin da kuma ko hoton ya zauna a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10 su rufe shi a roba mai lamba. Kace ya turo maka lambar, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka buga ta, ka gwada abun da ya fito da wanda ya turo. In yace babu, ko ya fara cewa wani na jira ka yi sauri, bar shi.

Ni ma na taɓa sayen wani kati a hannun wani mutum ta hoto kawai, da ya iso sai ga kusurwa ɗaya a daƙushe, ashe ya ɗauki hoton ne ta inda ba za ta fito ba, na sayar da shi ƙasa da rabin abun da na biya kuma abun ya daɗe yana min ciwo. Amfanin dillalin kenan, shi ne ya ɗauki hoton ba mai kayan ba, kuma katin yana hannunsa kafin ka biya. Ko a can ma ka buɗe ido a gwanjo, akwai masu sa 'yan uwansu su riƙa tayawa don farashi ya hau, a 2021 eBay ta dakatar da wani babban kamfanin dillancin kati bisa wannan zargin duk da kamfanin ya musanta. Ka yanke iyakar abun da za ka biya tun kafin a fara, in an wuce ka janye.

Tambaya daga Mus'ab, ɗalibi a Jami'ar Jos: Malam ina ganin a intanet ana buɗe kwalin kati kai tsaye, mutane su biya kuɗi kowa a ba shi kulob, duk katin da ya fito na kulob ɗinka naka ne. Abokaina sun ce mu haɗa kuɗi mu shiga amma zuciyata ba ta kwanta ba, wannan ba caca ba ce?

Amsa: Mus'ab na ji daɗin wannan tambayar ƙwarai, kuma zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba. Hukunci na malamai ne, ka kai musu maganar ka zayyana musu yadda abun yake dalla-dalla, har da batun hoton da ke jikin katin tunda shi ma akwai maganganun malamai a kai, amma bari in raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Na farko, ka ga kati a shafin dillali, ka ga gabansa da bayansa da makinsa da farashinsa, ka biya ya zama naka, ka wakilta dillali ya sayar maka a kan la'adar da kuka sani tun farko, wannan kaya ne sananne da farashi sananne, wakilci da lada kuma abu ne da fiƙihu ya sani. Na biyu shi ne wanda abokanka suke so, mutum ashirin kowa ya zuba kuɗi a kan kwalin da ba wanda ya san cikinsa, a juya sunaye a raba kulob, ɗaya ya tashi da kati mai tsada, saura su tashi da tarkace ko ma hannu rabbana, toh kuɗin waɗancan ne ya zama ribar wannan ɗayan da ta mai buɗe kwalin. Ni a ganina kamarsa da caca ta yi yawa, ban shiga kuma ban ba ƙanena shawarar ya shiga.

Ko ka ajiye maganar addini gefe, lissafin ma ba ya tare da ku, mai buɗewa ya riga ya haɗa kuɗin kujerun, wato abun da kowa zai zuba, yadda zai haura abun da ya sayi kwalin, shi ba ya faɗuwa. Lokacin korona a 2020 da 2021 da mutane ke kulle a gida abun ya yi tashe sosai farashin kati ya yi sama, daga 2022 kuma da yawa suka rikito, waɗanda suka shigo a makare da kuɗin aro su suka fi shan wuya, kuma ɗalibi da kuɗin makaranta a aljihu shi ne ya fi saurin faɗawa irin wannan, yau ka rasa kace gobe zan mayar.

In dai katin wani ɗan wasa kuke so, Lookman ne ko Osimhen, ku bari waɗanda suka buɗe kwalayen su kawo shi kasuwa, bayan 'yan makonni da fitowar sabon kaya farashin katunan gama-gari yakan sauka saboda sun yi yawa a hannun mutane, a lokacin sai ku sayi ainihin wanda kuke so da kuɗin da bai kai na kujera ɗaya ba. Ka nuna wa abokan naka wannan amsar, in kun je wajen malam kuma ka rubuto min abun da yace in sa a filin nan don sauran ɗalibai su gani.