Amsa: Ko zanen tawada na Japan yana shafe salon mutum?

Malam, ka tambaya ko koyon sumi-e, wato zanen tawada na Japan, zai shafe salonka. A ganina ba zai shafe shi ba, sai dai ya tace shi. Ana goga sandar tawada, wadda aka haɗa da kunkunniya da danƙo, a kan dutse da ɗan ruwa, takardar kuma tana shanye tawadar nan take, don haka layin da ka ja ba ya gyaruwa, dole ka yanke shawara kafin burushi ya sauka. Shi ma Sesshu, mashahurin mai zanen tawada na Japan, ya je ƙasar Sin koyo, amma zanensa na 1495, inda fantsamar tawada ta zama tsauni, farar takarda ta zama hazo, hannunsa ne tsantsa.