Filin Kalmomi da Karin Magana: Kalma, Ceto da Fansa

Yawancin tambayoyin wannan karo daga kudancin jihar Katsina suka zo, kuma sun shafi Hausar da ake ji a majami'u. Abin da ya taɓa aƙida zan faɗe shi yadda masu ita suke faɗinsa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Malumfashi: Malam, a farkon Linjilar Yahaya an ce Kalman nan ya zama mutum. Tunda kalma tamata ce, ba kuskure ba ne?

Ba kuskure ba ne, ɗana, da gangan aka yi. A nahawun yau da kullum sai a ce kalmar nan ta fito, amma Kalman da ake nufi a aya ta 14 ta sura ta farko ba furucin baki ba ne. Kiristoci sun gaskata cewa shi ne wanda yake tare da Allah tun fil azal, wanda ya ɗauki jikin ɗan Adam a cikin Maryamu ba tare da ya bar allahntakarsa ba, matsayin da babban taron shugabannin ikilisiya a garin Kalsidon ya tabbatar a shekarar 451. Da yake Yesu ake nufi, masu fassara sun bi jinsin mai sunan, suka bar jinsin sunan. Wanda ya san Larabci ba zai yi mamaki ba, domin a aya ta 45 ta Suratu Ali Imrana an ambaci kalima, sa'an nan aka ce ismuhu, wato sunansa, ba sunanta ba, ko da yake ma'anar da Musulmi suka ba wannan aya ta sha bamban da ta Kiristoci. Masu wa'azin da suke gyara shi zuwa "Kalmar ta zama mutum" don a ce sun iya nahawu, ɓarna suke yi.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kafur: Mene ne bambancin Mai Ceto da Mai Fansa?

Malama, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ceto shi ne fitar da mutum daga halaka da ba zai iya fitar da kansa ba, kamar wanda ruwa ya ci. Fansa kuwa ba ta yiwuwa sai an biya wani abu a madadin wanda ake son kuɓutarwa. A da, bawa yakan tara dukiya ya fanshi kansa, ko danginsa su fanshe shi, kuma wannan dabam yake da murgu, wanda bawa yake biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'arsa alhali yana nan bawa. Abin baƙin ciki, yaran yanzu ba su san kalmar ba sai a "kuɗin fansa" na masu garkuwa da mutane, waɗansu kuma sai a "ɗaukar fansa", har ina jin masu karanta labarai a rediyo suna furta ta kamar ba ta da wata ma'ana sai ramuwar gayya. Kalma mai daraja ta koma bakin daji.

Tsohuwar ma'anar ce ke cikin Littafi Mai Tsarki. A sura ta 25 ta Littafin Firistoci an ɗora wa dangi na kusa alhakin fansar gonar ɗan'uwansa, ko shi ɗan'uwan kansa idan talauci ya sa ya sayar da kansa, kuma a irin wannan matsayi Bo'aza, dangin mijin Rut da ya rasu, ya tsaya a Littafin Rut. A Littafin Fitowa sura ta 12 jinin ɗan rago ne ya kare 'ya'yan farin Isra'ilawa a Masar, abin da ake tunawa a Idin Ƙetarewa. Littafin Ishaya sura ta 53 kuma ya yi zancen bawan Ubangiji da ya ɗauki laifin waɗansu. Kiristoci suna karanta waɗannan duka a matsayin share fage, suna cewa cikarsu tana Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. A nan ne tambayarki ta haɗu da ta ɗalibin Malumfashi: tunda dangi ne yake fansa, a fahimtarsu sai da Kalman ya zama ɗan'uwan 'yan Adam ta jiki da jini kafin ya fanshe su, kuma haka Ibraniyawa sura ta 2 ta shimfiɗa hujjar. A kula kuma, idan Bahaushe Musulmi ya ce ceto, sau da yawa roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar ƙiyama yake nufi, don haka maƙwabta biyu suna iya furta kalma ɗaya kowa da abin da ke zuciyarsa.

Tambaya daga Daura: Me ya sa ake cewa Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ba tsohon littafi da sabo ba?

Domin yarjejeniya ake nufi tsakanin Allah da mutane. Irmiya 31:31 ya ambaci sabon alkawari da zai zo, Luka 22:20 kuma ya danganta shi da jinin Yesu. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, wato nauyi ne a kan wanda ya ɗauka sai ya sauke, kuma ni a ganina masu fassara sun dace da kalmar, tun daga cikakkiyar fassarar 1932 wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki.

Tambaya daga Funtuwa: Almasihu suna ne ko laƙabi?

Laƙabi ne, ma'anarsa shafaffe, wanda aka shafa wa mai kamar yadda ake naɗa sarakunan Isra'ila a zamanin da. Da Helenanci, wato harshen Girka, ana cewa Kiristos, daga nan aka sami Kirista.

Tambaya daga cikin birnin Katsina: Karin maganar "jiki magayi" tana da alaƙa da zaman Kalman cikin jiki?

Ko kaɗan. Gargaɗi ne ga wanda ya ƙi jin magana, cewa wuya za ta gaya masa.