Zan tafi Tabelot sarin albasa: me zan fi jin tsoro a duwatsun Ayar?

Wani mai karatu daga Tawa ya rubuto yana cewa: "Zan bi mota zuwa Agadas, daga can in wuce Tabelot sarin albasa. An ce mini duwatsun Ayar cike suke da macizai da kunamu. Wane shiri zan yi?"

Ɗan'uwa, macizai suna nan, amma ni a ganina ruwa za ka fara ji wa tsoro. Daga Yuli zuwa Satumba, in an yi ruwa a kan tuddai, dutse ba ya sha, duka sai ya gangaro cikin ƙoramu, waɗanda mutanen can ke kira kori. Kana iya kasancewa a wurin da ko ɗigo bai sauka ba, sama garau, sai ka ji ruri daga nesa, kafin ka naɗe tabarma jan ruwa ya iso ɗauke da itatuwa da duwatsu. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne cikin korin ya fi ko'ina daɗin zango: rairayi mai laushi, ga inuwar goriba. Kada ka kwana a ciki, ka hau tudu. In direba ya ce zai kutsa cikin kori ruwa na gudu, don sauri, ka sauka, a jira ruwan ya janye. A farkon Satumba 2009 korin Telwa ya afka wa garin Agadas kansa cikin dare, ya rusa gidaje masu yawa.

Da rani kuma ƙishirwa ce. Ka riƙi jarkarka ta kanka, kada ka dogara da ta mota. In fitsarinka ya yi ja kuma ya ragu, jiki ya fara bushewa ke nan. Mota ta lalace a daji? Ka zauna a inuwarta, ita aka fi saurin gani.

Sanyi ma mutanenmu na Adar, wato yankin Tawa, suna raina shi. Tabelot tana kusa da dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, kuma a Disamba da Janairu akwai daren da ruwa kan daskare a samansa. Ka tafi da bargo da rawani, kuma kada ka kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe.

To, batun kunama: ka kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kowace safiya, kada ka sa hannu ƙarƙashin dutse, da dare ka riƙa haska tocila. Harbinta ya fi yi wa yara illa. In kububuwa ta sari mutum, dafinta na hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. A cire zobe ko munduwa kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa likita mafi kusa, ko da ya ce bai ji komai ba.