Gigin tsufa: abin da ƙungiyar unguwa za ta iya yi

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambaya ko ya dace ƙungiyarku ta mata ta tara kuɗi don nemo sabon maganin cutar mantuwa da ake labarinsa a Amurka, ganin cewa tsofaffi da dama a unguwarku sun fara gigin tsufa, ko kuwa akwai hanyar da ta fi. Na daɗe ina aikin jinya, kuma a hannuna mahaifina ya yi wannan lalura har Allah Ya karɓi ransa.

Maganin da kika ji, lecanemab, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023. Ba ya warkarwa. A gwajin da aka yi na wata 18 ya rage saurin taɓarɓarewar ƙwaƙwalwa da kimanin kashi 27 cikin 100, kuma sai ga wanda cutar Alzheimer, wato nau'in cutar mantuwa da ya fi yawa, ba ta yi nisa a jikinsa ba. Ta jijiya aka fara ba da shi duk mako biyu, ana bi da hoton ƙwaƙwalwa na MRI saboda yana iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, sannan a 2023 kuɗinsa ya kai dala 26,500 a shekara. Ba zan ba ku shawarar zuba kuɗinku a nan ba.

Farkon abin yi shi ne likita ya duba kowane tsoho, domin ba duk ruɗewa ce cutar mantuwa ba. Ciwon sanyin mafitsara, ƙarancin sinadarin B12, ciwon damuwa, har da haɗa magunguna barkatai, duk suna rikita tsoho, kuma ana warkewa. Wanda ya rikice farat ɗaya cikin kwanaki kaɗan a gaggauta kai shi asibiti. Asibitin Malam Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin wannan fanni.

Dabarar da ta fi burge ni daga Japan ta fito, kuma babu na'ura a cikinta. Tun 2005 suke koya wa masu shaguna, ma'aikatan banki da 'yan makaranta, cikin awa ɗaya da rabi, yadda ake gane mai cutar da yadda ake yi masa magana ba tare da an tsorata shi ba, kuma waɗanda suka samu horon sun haura miliyan 10. Mu da muke da liman da mai unguwa da mai kemis da masu adaidaita sahu, ai mun fi su sauƙin yin haka. Mahaifina yakan fice bayan sallar asuba ya nufi kasuwar da ya bar zama cikinta tun da daɗewa, kuma mai shayin bakin layinmu, da yake mun yi masa bayani, ba ya gardama da shi. Sai ya ce, "Baba, zauna ka sha shayi kafin a buɗe kasuwar," ya turo yaro ya kira mu. Mun kuma ɗinke takarda mai lambar waya a aljihun kowace rigarsa. Ku roƙi liman ya yi maganar a masallaci, ku ma ku yi ta a Islamiyya, musamman saboda tsofaffin matan da ake yi wa ƙazafin maita don sun yi sambatu ko an tsince su a hanya da dare.

Kuɗin da kuka tara kuwa, rigakafi ya fi cancanta da shi. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024, waɗanda kauce musu zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na kamuwa da cutar, cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, shan taba da kaɗaici. Ku sayi na'urar awon jini da ta suga, ku yi yarjejeniya da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ya riƙa turo ma'aikaci sau ɗaya a wata, ku taimaka wa masu yanar ido a yi musu aiki. A ranar awon a tsayar da tsofaffin su yi hira, a tambaye su labarin da, a sa su tsince wake ko ƙirga canji. Akwai tsarin motsa ƙwaƙwalwa mai kama da wannan, zama 14 cikin mako bakwai, wanda masu bincike suka daidaita shi da rayuwar karkara a Najeriya da Tanzaniya.

Kada kuma ku manta da mai jinyar, wadda yawanci 'ya ce ko matar ɗa, ba ta barci ba ta zuwa biki. Ku tsara karɓa-karɓa a tsakaninku, kowace ta karɓe ta na yini guda, ko da sau ɗaya ne a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussa kyauta ga masu jinya da ake kira iSupport, wadda ta iya Turanci a cikinku za ta iya karantawa ta yi wa saura bayani. Allah Ya ba ƙungiyarku ikon yi, Ya ba iyayenmu lafiya.