Tambaya da Amsa: Ina son digiri na biyu a fannin ergoterapi, ta ina zan faro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazauniyar Garwa ce, na yi lisans, wato digiri na farko, a fannin ilimin halittu a Jami'ar Ngaundere. Bara mahaifinmu ya kamu da shanyewar ɓarin jiki na dama. An yi masa kine, wato gashi da motsa jiki na asibiti, wata huɗu har ya tashi yana takawa da sanda, amma har yau ba ya iya alwala shi kaɗai, ba ya iya sa riga, kuma ya daina cin abinci cikin mutane saboda sai da hagu yake iya ɗauka. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce mini akwai masu aikin da ya shafi irin wannan, ana ce da fannin ergoterapi. Tun daga ranar raina ya kwanta da shi. Ina so in yi mastar a kansa. Shin lisans ɗina zai kai ni? A ina ake yi? Kuma idan na gama, zan sami aiki a gida?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi.

Abin da kika bayyana game da Baba ya nuna kin riga kin gane fannin fiye da yadda kike zato. Mai kine yana aiki ne a kan ƙarfin tsoka da motsin gaɓa da tafiya, shi ya sa Baba ya miƙe. Mai ergoterapi kuwa tambayarsa ita ce: me mutumin nan yake yi da kansa kafin ciwo, wanda rashinsa yake ci masa rai yanzu, kuma ta wace hanya zai koma yinsa? Da za a kawo shi gidanku, zai zauna ne a tsakar gida ya kalli yadda Baba yake fama da buta. Wataƙila ya sa a rataye butar da igiya a daidai tsayin ƙirji, yadda hannu ɗaya zai karkatar da ita ruwa ya zubo, a ajiye kujera mai ɗan tudu a gabanta don kada ya durƙusa. Zai koya masa ya fara zura hannun da ya shanye a cikin riga kafin mai lafiyar, in ya zo tuɓewa kuma ya fara zare mai lafiyar. Zai naɗe ƙotar cokali da robar tayar keke ta yi kauri, ko yatsun dama za su iya riƙewa, ya kuma duba masai ya ga ko a kafa ƙarfen dafawa a bango da kujera mai huji a kan ramin. Batun ci da hagu ma ba zai raina shi ba, domin ya san kunyar da ke ciki ga dattijo musulmi, kuma sau da yawa yakan nemi malamin da majinyacin ya yarda da shi ya tunatar da shi cewa lalura tana da hukuncinta. Wannan shi ne aikin, kuma haka yake ga yaron da aka haifa da larurar da ta hana shi zama da riƙe abu, da wanda ya ƙone a hannu, da mai taɓin hankali da yake son komawa kasuwa. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a Amurka a 1917, ta bunƙasa wajen kula da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka, sannan a 1952 aka kafa tarayyarsu ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da WFOT. Ki riƙe wannan suna, domin za ki yi ta buƙatarsa.

Yanzu ga maganar mastar, kuma a nan ne nake so ki natsu, domin nan mutane da yawa suke asarar kuɗi da shekaru. Digiri na biyu a wannan fanni iri biyu ne, sunansu ɗaya amma ƙofofinsu daban. Na farko shi ne wanda yake ɗaukar mai digiri a wani fanni, kamar ke, ya mayar da shi mai ergoterapi da izinin taɓa majinyaci. Na biyu kuwa na waɗanda suka riga suka zama masu ergoterapi ne, suna son zurfafa bincike ko koyarwa ko shugabancin sashe. Idan kika shiga irin na biyun, a ce ma an karɓe ki, za ki fito da takarda mai kyau amma ba ki da izinin yin aikin da ya sa kika tashi.

Irin na farko ana samunsa a Amurka, inda tun 2007 ba a shiga sana'ar sai da digiri na biyu ko sama da shi, sannan a ci jarrabawar ƙasa. Ana samunsa a Kanada, inda Jami'ar Ottawa take koyar da shi da Faransanci. Ana kuma samunsa a Ingila, inda jami'o'i da dama suke da shiri na shekara biyu domin masu digiri a fannoni makusanta kamar ilimin halittu da ilimin halayyar ɗan Adam. Sai dai akwai tarnaƙi guda uku. Lisans ɗinmu na tsarin LMD (lisans, mastar, dakta) shekara uku ne, alhali jami'o'in Amurka da Kanada sun saba da digirin shekara huɗu, saboda haka ana iya cewa naki bai cika ba sai kin ƙara shekarar farko ta mastar. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Ingila tana neman maki 7 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga wadda ta yi karatunta duka da Faransanci. Kuɗin makaranta kuma ga baƙo a Ingila yakan haura fam 15,000 a shekara, wato sama da sefa miliyan 10, ban da haya da abinci. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening, da ake yawan ambata na mastar ɗin shekara ɗaya ne, don haka bai dace da wannan shiri ba.

A ɓangaren Faransanci tsarin ya bambanta. A Faransa abin da yake ba mutum izinin aiki shi ne difloma ta gwamnati ta ergoterapi, karatun shekara uku a makarantu na musamman, mai daraja ɗaya da lisans. A Beljiyam ma shekara uku ne. Mastar a can ba ya mayar da kowa mai ergoterapi. Gurabe a waɗannan makarantu ƙididdigaggu ne, kuma a 2024 an buƙaci mai neman bizar karatu ta Faransa ya nuna yana da aƙalla yuro 615 a kowane wata, kimanin sefa 403,000.

A Afirka kuwa da digiri na farko ko difloma ake shiga sana'ar. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Najeriya tana koyar da ita, haka Jami'ar Ghana da Jami'ar Ruwanda. Afirka ta Kudu ce ta fi kowa nisa, inda jami'o'i kamar na Kep Tawun da Stellenbosch da Pretoriya suke da digirin shekara huɗu, da kuma mastar da dakta ga waɗanda suka riga suka ƙware.

Idan ra'ayina kike nema, zan faɗa miki ba tare da kwana-kwana ba. Kada kalmar mastar ta ja ki. Na san yana da nauyi mutum ya riƙe lisans sannan a ce ya koma aji ɗaya da 'yan bakaloriya da yanzu suka gama sakandare, kuma na san abin da dangi za su ce, musamman ga 'ya mace da ake ƙirga mata shekaru. Amma ga mai ƙaramin ƙarfi, sake digiri na farko a wata jami'ar Afirka ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma majinyatan da za ki koyi aiki a kansu a can suna zama a tabarma, suna tsuguno a masai, suna cin tuwo da hannu kamar mutanen Garwa, alhali wanda ya koyi aikin a gidaje masu baho da kujerar lantarki sai ya sake sabon koyo in ya dawo. Ki tambayi jami'ar ko lisans ɗinki zai sa a rage miki shekara. Mastar na biyun zai zo a lokacinsa, ranar da kika yi aiki kika kuma so ki koyar da wasu.

Duk makarantar da kika zaɓa, ko a waje ko wata mai zaman kanta da ta yi miki talla a cikin gida, ki binciki abu biyu kafin ki biya ko sisi. Ki duba ko shirin yana cikin jerin waɗanda WFOT ta amince da su, jerin yana shafinta na intanet. Sannan ki tambayi yawan sa'o'in horo a gaban majinyata, domin ƙa'idar tarayyar ita ce kada su gaza 1,000, kuma a ƙarƙashin kulawar ƙwararren mai ergoterapi. In kin dawo da takardar waje, sai kin kai ta Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi a Yawunde an tantance darajarta kafin ta yi miki amfani a aikin gwamnati, don haka ki adana jadawalin darussa da shaidar horonki gaba ɗaya.

Maganar aiki kuma ba zan yi miki romon baka ba. Buƙata tana da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da farfaɗo da jiki zai amfane su, kuma Kamaru tana da dokar kare naƙasassu tun Afrilun 2010. Amma buƙata daban, gurbin albashi daban. Mutanenmu sun san mai kine, ba su san mai ergoterapi ba, saboda haka shekarunki na farko za su tafi ne wajen bayyana wa likitoci da iyalai abin da kike yi. Inda aka fi samun ƙofa shi ne cibiyoyin naƙasassu, asibitocin mishan, ƙungiyoyin agaji da makarantun yara masu buƙata ta musamman. Tun yanzu ki nemi izinin zama mako biyu ko uku a irin waɗannan wurare, kamar cibiyar Kadinal Léger da ke Etug-Ebe a Yawunde ko gidauniyar Baitalami da ke Muda kusa da Marwa, ki ga aikin da idonki. Wasiƙar shaida daga nan za ta ƙarfafa takardunki, kuma jami'o'i da yawa suna tambayar ko mai nema ya taɓa ganin aikin. Shi kuma Baba, kada ku jira sai kin yi karatu: ku gwada dabarar buta da ta riga a makon nan, ku bar shi ya yi da kansa ko da zai ɗauki lokaci.

TAMBAYA: Malam, ni mai kine ne a Njamena, shekarata shida ina aiki. Na ga tallan mastar na ergoterapi da ake yi ta intanet. In na yi shi, zan iya haɗa ayyukan biyu?

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye na nesa an yi su ne domin waɗanda suka riga suka mallaki takardar ergoterapi, kuma takardar kine ba ta maye gurbinta, duk da cewa ilimin jiki da ka sani zai sauƙaƙa maka karatun ƙwarai. Darasi yana yiwuwa ta kwamfuta, amma sa'o'i 1,000 na horo sai a gaban majinyaci tare da malami mai duba hannunka. Ka rubuta wa makarantar ka tambaye su tambaya ɗaya a rubuce: wanda ya gama wannan shiri, wace hukuma ce za ta yi masa rajistar aiki? Idan suka kasa ambaton hukumar, ka riƙe kuɗinka. Idan kuma burinka shi ne ka kyautata wa majinyatanka, gajerun kwasa-kwasai kan gyaran keken guragu da abin ɗaure hannu don tallafa masa da gyaran gida domin mai shanyewar jiki za su amfane ka da yawa, kuma abokan aikinka na cibiyar Kabalaye da ke nan Njamena su ne na farko da ya kamata ka tuntuɓa kan lokacin da ake shirya irinsu.