Maganin sa fitsari da ɗaurewar ƙafa cikin dare

Tambaya: Salam likita, dan Allah mahaifiyata ce aka ɗora kan Lasix saboda ciwon zuciya da kumburin ƙafa, kumburin ya saɓe alhamdulillah amma yanzu cikin dare sai jijiyar ƙafarta ta ɗaure har da hawaye, ga kasala. Maƙociyarmu ta ce mu dinga ba ta ayaba kawai. Haka ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikis salam, Allah ya ba Mama lafiya. Ƙoda tana tace ruwa wajen lita 180 kullum amma kusan duka take maidawa jini tare da gishiri da sauran sinadarai, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Shi Lasix, maganin sa fitsari, aikinsa ya hana ƙodar maida gishirin, to sai ruwa ya bi gishiri ya fita, shi ya sa ƙafa ke saɓewa, matsalar dai ba gishiri kaɗai ke tafiya ba, sinadaran jini irin fotasiyam da magniziyam da kalsiyam duk suna bi. In fotasiyam ya yi ƙasa da 3.5 a gwajin jini ana iya ganin ɗaurewar jijiya da kasala, wani lokacin har bugun zuciya ya rikice, wannan ne ma abin da na fi tsoro ga mai ciwon zuciya.

Amma kar ku ruga sayen ayaba da dabino don fotasiyam ɗin da ke cikinsu tukuna, ku duba ledar magungunanta. Sau da yawa ana haɗa Lasix da magungunan zuciya irin spironolactone ko lisinopril, su kuma riƙe fotasiyam suke yi, in ya yi yawa shi ma zuciyar yake taɓawa. Na hawan jini irin hydrochlorothiazide kuma fotasiyam yake zubarwa amma ya riƙe kalsiyam, har masu tsakuwar ƙoda ake ba shi. Gwajin jini ne kaɗai zai raba gardama, na sinadarai da aikin ƙoda, ku kai ta a yi cikin satin nan, ku tafi da kwalayen maganin gaba ɗaya, in kuma ta fara jin faɗuwar gaba ko jiri kar a jira gobe.

Kada ta tsayar da maganin da kanta, ruwan zai dawo har ya taru a huhu. Kuma dan Allah a ɗauke mata kunun kanwa, kanwa sodiyam ce fal (sinadarin da ke cikin gishiri), warware aikin maganin take yi.